Kafin bidon ya iso kasuwa: yini guda tare da mai duba inganci a matatsar man gyaɗa

A cikin shirin 'yan kasuwa da muke gabatarwa kowane mako a gidan rediyon garinmu, wani bawan Allah mai harkar man girki tsakanin Jibiya da Maraɗi ya bugo waya yana kukan abin da ya same shi. Ya saro bidon 40 na man gyaɗa, ya biya kuɗin mota, ya sallami duwan, ya rarraba wa mata masu tuya da masu tebur bashi kamar yadda aka saba, sai kasuwa ta zagayo a biya. Ba a yi kwana goma ba aka fara dawo masa da kaya. Mai ƙosai ta ce man yana kumfa a kasko, mai waina ta ce yana maƙaƙi a wuya, wata kuma ta ce masu saye sun fara ƙaurace wa teburinta. Da ya koma wajen wanda ya sayar masa, sai aka ce masa kaya lafiya lau suka bar hannu, a wajensa suka lalace. Da muka tambaye shi ko akwai wata lamba a jikin bidon ɗin, sai ya ce shi bai duba ba, kuma ko da ya duba, rabinsu tsofaffi ne da aka wanke aka sake cikawa.

Wannan kuka ne ya sa muka nemi izinin shiga wata masana'antar tatsar man gyaɗa, wadda ba ita ta yi man da ake magana a kai ba, domin mu gane wa idonmu ko akwai wanda aikinsa ne ya tare irin wannan kaya tun kafin ya hau mota. To, akwai shi. Ba ya fitowa a talla, ba ya zama a kan ciniki, kuma galibin masu sarin kaya ba su taɓa sanin fuskarsa ba. Shi ne mai duba inganci, wanda sauran ma'aikata ke kira mutumin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Sai ya sa hannu a takarda kafin gyaɗa ta shiga injin, sai kuma ya sake sa hannu kafin mai ya fita ƙofa.

A bakin ƙofa

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci muka tarar da shi a bakin ƙofa, farar riga a jiki, littafi a hammata, manyan motoci uku na jiransa cike da ɓararriyar gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke cewa a nan. Dillalin mota ta farko ya riga ya kwance buhu biyu na sama ya baje su don a gani, kuma gaskiya gyaɗa ce ja jawur, manyan ƙwayoyi, ba ta da abin kushewa. Mutumin labo ko kallonsu bai yi ba. Ya sa 'yan dako suka ɗaga masa hanya, ya riƙa soka wani dogon ƙarfe mai tsini da rami a ciki a jikin buhunan, na sama, na tsakiya, na can ƙasa kusa da dandaɓen mota, na gaba da na baya, yana zazzage abin da ya fito a bokiti ɗaya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen hatsi ya san dalili: fuskar buhu daban, cikinsa daban.

Abu na farko da ya auna shi ne laima. Ya zuba ɗan kaɗan a wata ƙaramar na'ura mai batir, ta nuna masa kashi nawa cikin ɗari na nauyin gyaɗar ruwa ne. Ƙa'idar Codex, wato hukumar haɗin gwiwa ta FAO da OMS mai tsara ma'aunin abinci a duniya, ta ce kada laimar ɓararriyar gyaɗa ta wuce kashi 9 cikin 100, ta mai ɓawo kuma kashi 10. Masana'antun da za su ajiye ta watanni sun fi son ta yi ƙasa da haka. Dalili biyu ne. Na ɗaya, wanda ya sayi gyaɗa mai laima ya sayi ruwa ne da kuɗin gyaɗa. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, laima ita ce uwar funfuna.

Daga nan ya auna kilo guda, ya tankaɗe a rariya, ya ware yashi, tsakuwa, ɓawo, ƙwayoyin da suka motse da waɗanda ƙwari suka huda, ya ɗora kowane kashi a kan ƙaramin sikeli ya rubuta. A nan ne aka fara musu. Dillali na cewa malam ka duba Allah, wannan ƙura ce ta hanya, shi kuma yana nuna masa tsakuwar a tafin hannu ba tare da ya ɗaga murya ba. An rage wa motar kuɗi daidai da nauyin dattin, aka wuce wurin. Dattawan da suka ga zamanin SONARA, kamfanin sayen gyaɗa da gwamnati ta kafa a 1962, za su tuna cewa ko a wancan lokaci ba a karɓar gyaɗa a wuraren awo sai an tankaɗe an duba. Aikin ba sabo ba ne, kayan aikin ne suka canza.

Gubar da ido ba ya gani

Mota ta biyu ce ta ɗauki lokaci, kuma a kanta muka fahimci abin da ya sa masana'anta ke biyan mutum albashi don kawai ya riƙa tsayar da aiki.

Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara, wani lokaci tun suna gona idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina, wani lokaci kuma a wajen shanya ko a mangaza idan ba su bushe sosai ba. Wannan funfuna tana fitar da guba da ake kira afalatokzin. An gano ta ne bayan da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil aka zuba a abincinsu. Idan mutum ya ci ta da yawa a lokaci guda tana iya kashe hanta cikin kwanaki, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutane 125 suka rasu sanadiyyar gurɓatacciyar masara. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Suya ko dafuwa ba sa kawar da ita.

Ma'aunin da ake bi ƙanƙane ne har sai mutum ya yi mamaki. Codex ta yarda da miligiram 15 a cikin tan guda na gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, wato kwatankwacin nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya a cikin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. Tarayyar Turai kuwa ta tsaya a kan 4 ga gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye. Babu idon da zai ga wannan, babu harshen da zai ɗanɗano shi. Abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne gubar ba ta bazu daidai a cikin kaya ba. Ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawan gaske, sauran kuma fes. Wanda ya ɗibi tafi guda daga buhu ɗaya zai iya wanke motar da ba ta wanku ba. Shi ya sa ake ɗiba daga buhu da yawa, a haɗa kilo da dama, a niƙe gaba ɗaya, a cakuɗa, sannan a ɗauki ɗan kaɗan daga garin.

Mun tsaya muna kallo ya jiƙa garin a wani ruwan sinadari, ya girgiza, ya tace, ya tsoma wata siririyar takarda mai kama da wadda ake gwajin zazzaɓin cizon sauro da ita a likita. Bayan 'yan mintoci ya saka ta a na'urar karantawa. Bai ce komai ba, ya sake ɗibo garin ya maimaita. Da sakamako na biyu ya fito daidai da na farko, sai ya ɗauki jan kati ya rubuta lambar motar ya aika wa mai gadi. Ba za a sauke ba.

Muka tambaye shi ko ba a ce tacewa na cire gubar daga mai ba. Ya tabbatar mana haka ne, man da aka tace da sinadari aka wanke kusan ba ya rage komai. Amma ya tuna mana cewa matatsa ba mai kaɗai take sayarwa ba. Gubar tana zama ne a cikin tunkuza, tunkuza kuma ita ake sayar wa masu kiwon kaji da masu shanun madara, kuma saniyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da wani kaso na gubar a nononta. Ɗanyen man da ba a tace ba shi ma yana riƙe wani abu. Wanda ya san masana'antar STA ta Yamai, wadda tun 2005 ta shiga yin Plumpy'Nut, tunkuzar nan mai madara da sukari da ake bai wa yara masu tamowa, zai gane nauyin maganar: gyaɗa ce ake bai wa yaron da jikinsa ba zai iya jure ko da ƙaramar guba ba, kuma abin da ke tsakaninsa da gubar shi ne mutum irin wannan da takardarsa.

Cikin labo

Ɗakin gwajin bai fi shagon tela girma ba, amma shi kaɗai ne ke da na'urar sanyaya ɗaki a duk ɓangaren, ba don jin daɗin mai shi ba, don sinadarai da sikeli ba sa son zafi. Duk bayan ɗan lokaci yaronsa na zuwa da kwalba daga tankin da ake cikawa.

Gwaji biyu ne suka shafi kukan mai kiranmu kai tsaye. Na farko shi ne tsamin mai. Ana auna man, a narkar da shi a sinadari, a ɗiga wani ruwa mai canza launi, sannan a riƙa ɗigo ruwan soda daga wani dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo, ɗigo bayan ɗigo, har sai abin ya koma ruwan hoda ya tsaya a haka. Yawan sodar da aka ɗiga shi ke faɗin yawan tsamin. A ma'aunin Codex, tataccen mai ba ya wuce 0.6, ɗanyen mai kuma 4. Tsohuwar gyaɗa, ko mai laima, ko wadda ta farfashe ta daɗe a ajiye, ita ke ba da mai mai tsami, kuma shi ne ke saurin hayaƙi a kasko. Na biyu shi ne gwajin da ke nuna ko iska ta fara cin man, wato farkon hanyar zuwa maƙaƙi da wari. Nan iyakar ita ce 10 ga tatacce, 15 ga ɗanye. Amfanin wannan gwaji shi ne yana tona asirin man tun hanci bai fara ji ba. Mai na iya fita masana'anta da ƙamshinsa, alhali saura masa makonni kaɗan ya juya. Kumfa kuma yawanci alama ce ta ruwa, ko datti, ko ragowar sabulun da tacewa ke haifarwa idan ba a wanke man da kyau ba.

Sai batun bitamin A, wanda ake zubawa a man girki don kare idanun yara da ƙarfafa jikinsu. Nijeriya ta wajabta shi a mai da sukari da fulawa tun 2002, da tambarin ido a jikin kaya, ƙasashen UEMOA kuma suna da tambarin ENRICHI. Shi ma ana aunawa, domin buga tambari a leda ya fi sayen bitamin araha.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, kuma muke ganin zai amfani mai karatu gobe-gobe, shi ne awon cika. Masana'anta ba da ido take cika bidon ba, da sikeli take cikawa. Litar man gyaɗa ba ta kai kilo guda ba, giram 915 ce ko kusa da haka. Ke nan bidon mai lita 25 ya kamata ya ɗauki kusan kilo 23 na mai, ban da nauyin robar, mai lita 20 kuma kilo 18 da ɗan ɗori. Mai yana kumbura da zafi, ta yadda bidon mai lita 25 da aka cika da rana tsaka a watan Afrilu zai iya sauka da kusan sulusin lita idan ya kwana a sanyi, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wanda ke sara da ido yana iya zargin mai gaskiya, yana kuma iya yarda da maƙaryaci. Mutumin labo na zaro bidon daga layi ba tare da ya faɗa wa kowa wanne zai ɗauka ba, ya ɗora a sikeli, ya kifa shi ya ga ko murfi na yoyo, ya duba ko kwanan watan da aka buga yana karantuwa. Shi kansa sikelin sai an gwada shi da safe da wasu duwatsun ƙarfe da aka san nauyinsu.

Sikeli dai ba ya nuna algus. Man gyaɗar da aka sirka da man kwakwar manja tatacce nauyinsu kusan ɗaya ne. 'Yan kasuwa kan ce a jira sanyin hunturu a ga wanda zai yi barci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tabbaci sai a babban ɗakin bincike.

Wanda ke biyan albashi shi ake cewa a'a

Da la'asar aka samu tanki guda da tsaminsa ya ɗan haura iyaka. Ya rataya masa kati mai ruwan ɗorawa, ma'ana a dakata. Ba a yi minti goma ba shugaban sashen tatsa ya shigo, wayarsa na ta ruri, domin akwai wani Alhaji da motarsa ke tsaye tun azahar kuma yana so ya kama iyaka kafin a rufe. Mun fita mun ba su wuri. Da muka dawo katin na nan inda yake, an mai da man a sake tace shi, motar kuma ta kwana.

A ganinmu nan ne wuyar aikin take, ba a cikin kwalabe ba. Kowa a masana'anta ana yaba masa ne da yawan abin da ya fitar, shi kaɗai ne amfaninsa ke bayyana a abin da ya hana fita. Idan ya yi aikinsa daidai ba abin da ke faruwa, kuma ba wanda ke gode wa mutum don abin da bai faru ba. Dillali na ganinsa mugu, direba na ganinsa mai ɓata lokaci, wani lokacin ma maigidan da ke biyansa albashi yana ganinsa asara. Ya shaida mana cewa an sha biyo shi gida da goro, kuma wanda ya fi wuyar mayarwa ba na baƙo ba ne, na ɗan unguwa ne da kuke sallah a masallaci ɗaya. Shi ya sa a masana'antar da ta san abin da take yi, mai duba inganci ba ya ƙarƙashin shugaban tatsa, kai tsaye yake kai rahoto ga babban darakta. Inda aka sa shi ƙarƙashin wanda yake dubawa, to sunan aiki kawai ya rage.

Idan ba a manta ba, a ƙarshen 2008 yara suka fara mutuwa a Legas, Ibadan da Zariya bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin. Fitsari ke ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Zuwa farkon 2009 an ƙidaya yara 84 da suka rasu. Bincike ya nuna cewa a maimakon sinadarin da aka saba narkar da maganin a ciki, an yi amfani da wanda ke ɗauke da diyetilen gilikol, wanda ake sawa a ruwan birki da ruwan sanyaya injin. Su biyun kamarsu ɗaya a ido, farare ne masu kauri da ɗan zaƙi, gwaji ne kaɗai ke raba su, kuma a bakin ƙofa ya kamata a yi gwajin, kamar yadda muka ga an yi wa gyaɗa. A 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai: shugaban sashen haɗa magani, da kuma shugaban sashen tabbatar da inganci. Sa hannun da ake ganin kamar wasa ne, shi aka ɗauko a gaban alƙali. Irin wannan guba ce kuma ta sake hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022, ta hanyar maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Masu wannan aiki galibi sun karanta ilimin sinadarai ne ko na sarrafa abinci, a nan gida a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, a ƙetare kuma a jami'o'i da kwalejojin fasaha. Mataimakansu da yawa a bakin aiki suka koya. Wanda muka yini da shi ya ce idan zai ɗauki yaro, kafin takardar makaranta yakan duba abu ɗaya: ko zai rubuta lambar da ya gani, ko wadda yake ganin ana so a gani.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Akwai. A Nijar akwai ANMC mai kula da ma'auni da shaidar inganci, da ɗakin bincike na ƙasa LANSPEX a Yamai. A Nijeriya akwai SON, da NAFDAC da aka kafa a 1993, wadda ta yi suna a zamanin Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a. To amma jami'in gwamnati baƙo ne, yakan zo ya tafi. Lambar NAFDAC da ke jikin kaya shaida ce cewa an yi wa irin kayan rajista, ba shaida ba ce cewa an gwada wannan bidon da ke gabanka, kuma masu jabu su ma sun iya buga lamba. Wanda ke nan dare da rana shi ne ma'aikacin masana'antar.

Lambar da mai kiranmu bai duba ba

A bayan labo akwai wani ɗaki mai duhu da kantoci cike da ƙananan kwalabe, kowace da takarda a manne. Daga kowane zubi na mai da aka fitar ana ajiye kwalba ɗaya har lokacin amfaninsa ya ƙare. Lambar da ke jikin kwalbar ita ce ke jikin duk bidon da aka cika daga wannan zubi. A kayan da suka fito daga ƙasashe masu Faransanci za a ga LOT, a na Nijeriya BN ko Batch No., kusa da ranar yi, FAB ko MFD, da ranar ƙarewa, EXP, BB ko DLUO.

Idan ɗan kasuwa ya dawo da kuka yana riƙe da wannan lamba, sai a ɗauko kwalbar a sake gwadawa. In ita ma ta juya, laifin masana'anta ne, kuma littafi zai nuna duk waɗanda aka sayar wa wannan zubi domin a janye. In kuwa tana nan lafiya, to a hanya ko a shago abin ya faru. Ko a batun My Pikin, da lambar zubi aka bi sawun maganin. Ba tare da lamba ba, magana ta zama rantsuwa da rantsuwa, kuma mun san wanda ke cin riba a irin wannan shari'a, ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne. Shawarar da ya ba masu sari ita ce su sa a rubuta musu lambar zubi a jikin rasit tun kafin a yi lodi, su kuma ƙi karɓar bidon da hatimin murfinsa ya karye.

Ya kuma ce a faɗa wa 'yan kasuwa gaskiya, kaso mai yawa na man da ke juyawa bayan ya bar ƙofa yake juyawa. Bidon ya kwana uku a bayan mota a layin duwan, a sauke shi a jera a gaban shago don masu wucewa su gani, rana na dukansa daga hantsi zuwa la'asar. Zafi da haske na gaggauta maƙaƙi, suna kuma kashe bitamin A da aka biya kuɗi aka zuba. Sai kuma ɗurawa a tsohon bidon: ragowar tsohon mai da ya manne a ciki yana lalata sabo kamar yadda tsohon nono ke tsinka sabo, balle a ce bidon ɗin ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Mun koma da wannan bayani cikin shirinmu, mai kiran namu kuma ya sake bugowa. Ragowar man ya sayar wa mata masu yin sabulu a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba, wasu daga cikin masu tuyar har yanzu ba su dawo teburinsa ba. Ya ce ya sayi sikelin rataye, ya kuma yi wa kayansa rumfa.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mana a rai. Da za mu bar masana'antar gab da magariba, mun ga motar nan ta biyu, mai jan kati, tana juyawa a bakin ƙofa da kayanta cif kamar yadda ta zo. Muka tambayi mutumin labo ina za ta. Ya ce ikonsa a ƙofar nan ya tsaya, ba shi da hurumin riƙe kayan wani ko ƙona su, iyakarsa ya ce masana'antarsa ba ta saye. Direban ya hau kwalta ya yi hannun dama, hanyar da ke zuwa kasuwar hatsi, inda washegari mata masu ƙuliƙuli da masu kunun gyaɗa za su zo aunar tiya-tiya.